Bargar Katsina da Kasuwar Legas: Shekara Ɗari na Ƙwallon Dawaki da Darasinsa ga Mai Sayen Hannun Jari

Ranar Laraba, 5 ga Maris 2008, ma'aunin farashin kasuwar hannayen jari ta Najeriya ya kai maki 66,371, tudun da bai taɓa hawa ba tun da aka fara lissafa shi a 1984. Darajar kamfanonin da ke kasuwar ta haura naira tiriliyan 12. Kwana uku bayan haka, ranar Asabar, Allah ya yi wa Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman rasuwa, bayan kusan shekara 27 a kan karaga.

Kalanda ce kawai ta haɗa waɗannan al'amura biyu, amma abin da ya biyo bayansu ya isa a tsaya a duba. Marigayi Sarki gwanin wasan polo ne, ɗan gwani kuma jikan wanda ya kafa wasan a birnin. Da ya kau, ɗansa Abdulmumini ya gaje shi, dawaki suka ci gaba da kilisa, gasar shekara-shekara ba ta mutu ba. Ita kuwa kasuwa, daga wannan makon ta kama gangara. Kafin shekara ta zagayo, kusan kashi 70 cikin ɗari na darajarta ya narke, kuma sai a watan Agustan 2023 ma'aunin ya sake taka inda ya tsaya a wancan Maris ɗin, wato bayan shekara 15.

Ɗora darasin wasa a kan harkar kuɗi ba sabon abu ba ne. Attajirin Amurka Warren Buffett ya sha ba masu jari misali da Ted Williams, ɗan wasan ƙwallon sanda wanda ya raba inda ake jefo masa ƙwallo gida 77, ba ya kai duka sai ta faɗo a gidan da ya fi ƙwarewa. Bakatsine ba ya bukatar zuwa Amurka neman irin wannan misali. Yana da nasa a Filin Polo.

Birnin doki, birnin fatake

Tun kafin Bature ya zo da sanda da ƙwallo, Katsina ta san doki, ta kuma san jari. A ƙarni na 17 da na 18 ita ce babbar tashar fataucin Sahara a ƙasar Hausa. Ayarin raƙuma na sauka daga Agadas da Gat da Gadamas da Tarabulus, ɗauke da gishiri da tufafi da takarda da takubba, su koma da fata da kiraga da baƙin yadi, har da bayi. Ƙarfin sarauta kuwa a kan sirdi yake: barade masu sulke, 'yan lifida, da bargar da Shamaki da murai ke kula da ita dare da rana.

Fataucin nan ba da kuɗin mutum ɗaya ake yin sa ba. Attajiri kan ba bafatake uwar kuɗi, wannan ya sa dukiya wancan ya sa ƙafa, in an dawo lafiya a raba riba bisa yarjejeniya, in kuwa 'yan fashi ko ƙishirwa suka ci ayari, asarar dukiya ta hau kan mai dukiya. Littattafan fiƙihu na kiran wannan tsari mudaraba. Ayarin goro mai zuwa Gwanja ma yana da shugabanci tsararre: madugu, jagaba, uban dawaki da malamin ayari, kowa da aikinsa. Duk wanda ya fahimci wannan ya riga ya fahimci ainihin hannun jari, domin mai sayen hannu a kamfanin siminti ko na sukari abin da yake yi ke nan: ya ba da uwar kuɗi, wasu su juya, ya jira rabonsa.

Katsina ta kuma ɗanɗana karyewar kasuwa tun kafin a san Legas da wannan harka. Bayan da mujahidai suka ci birnin a 1807, Ummarun Dallaje ya zama Sarki, zuriyar sarakunan Haɓe suka kafa Maraɗi, suka shiga kawo hari shekara da shekaru. Hanya ta daina zama lafiya, attajirai suka kwashe suka koma Kano. Da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya iso a 1851, ya tarar da ganuwa mai kewayen mil 13 ko fiye, amma cikinta rabi gonaki rabi kangaye. A kiyasinsa, birnin da ya taɓa ɗaukar mutum dubu ɗari ya koma bai wuce dubu bakwai ko takwas ba. Wanda ya zuba dukiyarsa kaf a rumfunan Katsina a 1800, jikansa bai gaji komai ba sai labari.

Dikko ya kawo wasa

Muhammadu Dikko Basulluɓe ne, yana riƙe da sarautar Durɓi lokacin da Turawa suka tuɓe Sarki Yero na gidan Dallazawa a 1906 suka ɗora shi. Mutum ne mai son sabon abu in ya ga amfaninsa. A zamaninsa, shi da Bature Richmond Palmer, aka fara tsarin baitulmalin En'e a Katsina, inda haraji ke shiga asusu a rubuce, masu sarauta su karɓi albashi, tsarin da daga baya ya bazu a sauran masarautun Arewa. A zamaninsa kuma aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, makarantar da ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello.

Shi kuwa polo doguwar tafiya ya yi kafin ya iso. Tsohon wasa ne na Farisa da tsakiyar Asiya. Turawan Ingila sun tsince shi a Manifur, arewa maso gabashin Indiya, suka kafa kulob a Kalkata a 1862, suka kai shi gida, kulob ɗin Hurlingham na Landan ya rubuta masa dokoki a 1875. Hafsoshin soja suka shigo da shi Legas a 1904. Zuwa 1919 an fara gasar kofin Georgian, wanda har yau shi ne kofin da ya fi daraja a gasar Kaduna. Bankin First Bank, wanda a wancan zamani sunansa Bank of British West Africa, yana lissafa ɗaukar nauyin wannan kofi tun daga wannan shekarar. A reshen wannan banki na Kano ne Alhassan Ɗantata ya kai kayan raƙuma 20 na kuɗin azurfa a 1929. Ashe tun fil azal doki da banki sun san juna a Arewa.

A 1921 Dikko ya tafi aikin hajji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila, ya gana da Sarki George na Biyar. Cikin 'yan rakiya har da ɗansa Usman Nagogo, yaro mai shekara 16. A farkon shekarun 1920 ne wasan ya kafu a Katsina, kuma yadda Sarki ya kafa shi ne abin lura. Bai tsaya ga kallon Turawa suna wasa ba. Ya ware fili, ya tara dawaki, ya ɗora 'ya'yansa da yaran fada a kan sirdi, ya sa suka koyi doka da duka. Cikin 'yan shekaru tawagar Katsina ta fara karawa da hafsoshin Ingila, tana cin su, tana ɗauke kofin Georgian sau da dama, a zamanin da baƙar fata bai cika samun wurin da zai fi Bature a bainar jama'a ba.

Abin da ke cikin fili

Mai kallo daga nesa ba ya ganin komai sai ƙura da zamiya. Amma wasan a tsare yake. Filin yadi 300 ne a tsaye, 160 a kwance. Kowane ɓangare mahaya huɗu ne. Na ɗaya mai kai hari, na biyu mai fafutuka a tsakiya, na uku shi ne ƙwaƙwalwar tawaga, na huɗu kuwa mai tsaron baya ne, aikinsa ya hana a ci su. Ana buga wasan zagaye-zagaye, kowane zagaye minti bakwai, galibi huɗu zuwa shida a wasa guda. Da hannun dama kaɗai ake riƙe sanda. In aka ci ƙwallo, sai a sauya gida, don kada rana ko iska su zama na ɓangare ɗaya.

Doka mafi girma ita ce ta layin ƙwallo. Duk inda ƙwallo ta nufa, ta shata hanya ke nan, kuma wanda ya hau wannan hanya shi ke da ita. Mahayin da ya gitta masa ya yi laifi, ko da kuwa shi ne mai filin. Alƙalai biyu na kan dawaki suna bi, na uku yana gefe don raba gardama. Ba don wannan doka ba, da kowane wasa sai an ɗauki gawa, domin dabbobi ne masu nauyin kilo 400 ko fiye ke gudu a kan juna.

Sai maganar dawaki. Minti bakwai na sukuwa da birki da juyi kan tatse doki sarai, don haka a babban wasa mahayi kan sauya doki kowane zagaye, wani lokaci ma a tsakiyar zagaye. Mutum huɗu na bukatar dawaki 20 ko fiye kafin su shiga gasa da gaske. Masana wasan kan ce kaso mafi yawa na gwanintar mahayi a ƙafar dokinsa take. Kofi dai a fili ake miƙa shi, amma a barga ake cin sa: a harawa da dawa da dusa da kanwa, a kilisar asuba, a hannun murin da ke gane ɗingishi tun bai fito ba. Ɗan doki kan ci shekaru ana horar da shi, yana cin abinci bai kawo ko ƙwallo ɗaya ba.

Akwai kuma makin gwaninta, handikaf, wanda Amurkawa suka ƙirƙiro a 1888. Yana farawa daga 2 ƙasa da sifili, ya tsaya a 10. Kwamiti ke bayar da shi bayan ya daɗe yana kallon mutum: zamansa a sirdi, dukansa, sanin dokarsa, ingancin dawakinsa, amfaninsa ga tawaga. Cin ƙwallo biyar a wasa ɗaya ba ya ɗaga shi. Galibin masu wasa a duniya ba sa wuce 2, masu 10 kuwa 'yan ƙalilan ne, kusan dukkansu 'yan Ajantina.

Usman Nagogo ya kai 7. An daɗe ana lissafa wannan a matsayin maki mafi girma da ɗan Afirka ya taɓa samu. An haife shi a 1905, ya shugabanci 'yan doka a 1929, ya zama Magajin Gari a 1937, ya gaji mahaifinsa a 1944, ya yi sarauta har 1981, kuma shi ne shugaban ƙungiyar polo ta Najeriya na tsawon rai. Ɗansa Janar Hassan Usman Katsina, Gwamnan Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, kuma Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa daga baya, bai rabu da sanda ba har tsufansa, kuma yau akwai kofi da sunansa. Kabir ya bi sahu. Filin wasan birnin sunan Nagogo yake ɗauke da shi, unguwar da ke kewaye kuwa kowa Filin Polo yake ce mata.

Wata kasuwa a bakin teku

A lokacin da Nagogo ke tsakiyar mulkinsa aka kafa kasuwar hannayen jari a Legas, ranar 15 ga Satumba 1960. Cikin waɗanda suka sa hannu a takardar kafa ta akwai Sir Odumegwu Ojukwu da Akintola Williams da Alhaji Shehu Bukar. Ta fara ciniki a 1961 da takardun jari 19 kacal. A 1977 ta zama ta ƙasa baki ɗaya, aka buɗe reshe a Kaduna a 1978, a Kano a 1989. Bakatsine mai son saye sai ya yi tattaki ko ya aika.

Abin da ya fara jawo talakan Najeriya cikinta shi ne dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, ta 1972 a zamanin Gowon, da ta 1977 a zamanin Obasanjo, lokacin da Shehu Musa 'Yar'aduwa na Katsina ke mataimakinsa. An tilasta wa kamfanonin Turawa sayar da wani kaso ga 'yan Najeriya. Mutanen Kudu, da ke kusa da bankuna da dillalai, suka kwashi kaso mai tsoka. A Arewa yawanci gwamnatoci ne suka saya a madadin jama'a ta hannun kamfanoni irin su NNDC na Kaduna. Attajirin Arewa ya fi yarda da abin da zai taɓa da hannu: shanu, gida, fili, buhun hatsi a rumbu. Ga kuma shakkar kuɗin ruwa, wadda ba ƙaramar hujja ba ce.

Duk da haka 'yan ƙasar Katsina sun hau manyan kujerun harkar. Alhaji Umaru Mutallab na Funtuwa ya shugabanci hukumar daraktocin First Bank daga 1999 zuwa 2009. Gidan 'Yar'aduwa na da hannu a Habib Nigeria Bank, inda Umaru Musa ya yi darakta kafin ya zama Gwamna a 1999.

Shekarun sukuwa

A watan Yulin 2004 Gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya umarci kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. Bank of the North ya narke cikin Unity Bank, Habib ya haɗu da Platinum suka zama Bank PHB. Don cika sharaɗi, bankuna suka fito talla. Rediyo da talabijin da jarida, ko'ina sayi hannun jari ake cewa. Ma'aikatan banki suka bi ofisoshi da kasuwanni da fom a hannu. Malamin makaranta ya saya, ɗan fansho ya saya, 'yar adashi ta saya. Transcorp ya sayar a naira 7 da kwabo 50, Dangote Sugar a naira 18. A 2007 First Bank ya nemi naira biliyan 100 a kan naira 33 kowane hannu, jama'a suka kawo ninkin-ba-ninkin abin da ya nema.

Farashi na hawa kowane mako, sai mutane suka ɗauka gwanintarsu ce. Wanda ya shiga jiya ya ga kuɗinsa ya ninka, ya fara ba maƙwabta shawara. A ma'aunin polo, mai sifili ne ya ci ƙwallo da taimakon iska ya ba kansa 7.

Manyan kurakurai biyu aka tafka. Na farko, doki ɗaya aka hau. Bankuna su ne fiye da rabin darajar kasuwar, kuma mai hannu a bankuna biyar yana ganin ya rarraba dukiyarsa, alhali turke ɗaya ya ɗaure ta. Na biyu ya fi muni: babu mai tsaron baya. Bankuna suka riƙa ba mutane bashi don su sayi hannun jari, a riƙe hannayen a matsayin jingina, har wasu na ba da bashi a sayi nasu na kansu don farashi ya tashi. Bashin da ya taru ta wannan hanya ya doshi naira tiriliyan guda. Muddin farashi na hawa, kowa na dariya. Da ya juya, banki ya ce a biya, mai bashi ya sayar dole, sayarwarsa ta ƙara karya farashi, na kusa da shi ma ya sayar dole.

Iska ta juyo daga waje kuma. Gangar ɗanyen mai da ta kai dala 147 a Yulin 2008 ta faɗo ƙasa da 40 kafin ƙarshen shekara. Bankin Lehman Brothers ya rushe a Amurka a watan Satumba. Masu jarin ƙetare suka tattara nasu suka fice. Ma'auni ya rufe 2008 a 31,450, ya gangara ƙasa da 20,000 a Maris 2009. Hannun Transcorp ya koma kwabo 50.

Sai a lokacin alƙali ya busa. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa Sanusi Lamido Sanusi Gwamnan Babban Banki a Yunin 2009. Ranar 14 ga Agusta, Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, Intercontinental da Oceanic da Union da Afribank da FinBank, ya zuba musu naira biliyan 420, daga baya jimlar tallafin ta kai biliyan 620. An kafa hukumar AMCON a 2010 don sayen rubabbun basussuka. A Agustan 2011 gwamnati ta karɓe Afribank da Spring Bank da Bank PHB. Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba, amma masu hannun jari a waɗannan ukun sun tashi da takarda kawai.

Labarin wanda ya sayi First Bank a naira 33 ya fi koyarwa, domin bankin bai mutu ba. A 2016 hannun ya sauko ƙasa da naira 4. A 2024 ya sake haura 30. Mai haƙuri ya ga lambarsa ta dawo, ya kuma karɓi ribar shekara da hannayen kyauta a tsakani. Sai dai a 2007 dala ɗaya wajen naira 125 ce, a 2024 kuwa ta kai 1,500. Lamba ta dawo, abin da take saya a kasuwar Katsina bai dawo ba. Kamar yadda kwamiti ba ya auna mahayi da yawan ƙwallayensa sai ya duba da wa ya kara, haka riba ba ta zama riba sai an cire mata tsadar kaya.

Fili marar alƙali

Ciwon 2008 ya kori jama'a da yawa daga kasuwar da ke da doka, amma bai kashe kwaɗayi ba. A 2016 MMM ta zo da alƙawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta daskarar da asusun mutane a watan Disamba. A Afrilun 2025 CBEX ta maimaita wannan wasa, ta rufe da dukiyar dubban mutane. A tsakani ga shagunan cacar ƙwallon ƙafa da manhajojinsu a wayar matasa. Waɗannan duka ba su da kamfanin da ke sarrafa buhu ɗaya na wani abu. Kuɗin na baya ake ba na gaba, ko kuɗin wanda ya faɗi ake ba wanda ya ci.

Kasuwar hannun jari ta gaskiya tana da nata layin ƙwallo. Hukumar SEC, wadda aka kafa a 1979, ita ke ba dillalai lasisi. Kamfanin CSCS, tun 1997, shi ke ajiye rajistar wanda ya mallaki me. Kamfanin da ke kasuwa dole ya buga lissafinsa duk wata uku, kowa ya gani. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu shirya irin su MMM. Alƙalan nan sun yi barci a 2007, ba mai musun wannan, amma filin da alƙalinsa ya yi gyangyaɗi ya fi wanda ba a taɓa naɗa masa alƙali ba.

Ita ma shakkar kuɗin ruwa an rage mata ƙarfi. Jaiz Bank ya fara aiki a 2012, da Umaru Mutallab a kujerar shugabanci, ya shiga kasuwa a 2017. Tun 2012 akwai ma'aunin Lotus na kamfanonin da suka dace da shari'a, wanda ba ya ɗaukar bankunan ruwa da kamfanonin giya da na caca. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na farko, wato takardar jari marar kuɗin ruwa, naira biliyan 100 don gyaran hanyoyi 25, kuma da naira 10,000 ana shiga. Siminti na Ɗangote da BUA, sukari, fulawa, MTN da ya shiga kasuwa a 2019, duk kamfanoni ne da Bakatsine ke sayen kayansu kullum. Ba sai an je Kano ba kuma, wayar hannu ta isa.

Inda misalin ya tsaya

Polo wasan kashe kuɗi ne, ba na samu ba. Dikko da Nagogo suna da fada da gandu da barori, dokin da ya karye a maye gurbinsa gobe. Manyan 'yan wasan yau daga Ajantina suke shigo da dawaki da dala, su kuma yi ta fama da cutar dawakin Afirka, wadda ta fi kama baƙon doki a kan ɗan gida. Can Ajantinar ma, Adolfo Cambiaso ya kai ga kwafar ƙwayar halittar goɗiyarsa Cuartetera, ya hau kwafi shida nata a wani wasan ƙarshe a 2016. Ma'aikacin da ke jiran albashi ba shi da wannan sarari. In dokinsa ɗaya ya faɗi, a ƙasa zai koma gida.

Wannan bambanci ƙara wa darasin nauyi yake yi. In Sarki mai barga bai yarda ya buga zagaye shida da doki ɗaya ba, mai ƙaramin ƙarfi ya fi shi bukatar rarrabawa: wani abu a siminti, wani a sadarwa, wani a sukuk, wani a gona ko tumaki, sannan kuɗin cefane da na makarantar yara su zauna a baya ba a taɓa su, bashi kuma kada ya kusanci harkar. Wanda kuɗinsa bai isa barga ba, akwai asusun haɗaka masu rajista, inda dubban mutane ke tara kaɗan-kaɗan ƙwararru su saya musu kamfanoni da yawa.

Saura abu ɗaya da gidan Dikko ya yi wanda masu hannun jari suka kasa, wato miƙa wa na baya. Daga Dikko zuwa Nagogo, zuwa Hassan da Kabir, zuwa Abdulmumini, kowane yaro a barga ya tashi, ya san sunan kowane doki da halinsa tun kafin a ba shi sanda. Masu sayen hannun jari na 1970 da wani abu da na 2007 kuwa, da yawansu sun jefa takardun a akwati ba su gaya wa kowa ba. Wasu sun saya da sunaye daban-daban don su sami kaso mai yawa, wasu sun sauya gari, wasu sun rasu aka raba gado ba a san da takardun ba. A 2023 hukumar SEC ta ce ribar da masu ita ba su zo sun karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190.

Wani kaso na wannan kuɗi haƙƙin marayu ne da zawarawa a birane irin su Katsina. Duk gidan da mahaifi ko kaka ya yi aikin gwamnati ko kasuwanci a waɗannan shekaru, ya kamata magada su buɗe tsofaffin akwatuna, su duba sunansa a rajistar da SEC ta buɗe a intanet, su nemi dillali mai lasisi da takardar gado daga kotu, a karɓo abin da ya taru, a fitar da zakkarsa, a raba wa masu shi.